Bambancin wutar lantarki da kayan wankin hoto

Masu sana'ar wankin hoton fim kan sayo tsofaffin na'urori daga Amurka ko Japan saboda araharsu, sai dai sau da yawa hotunan kan fito ba yadda ake so ba, ko da an haɗa na'urorin da taransifoma.

Dalili kuwa shi ne wutar lantarki ta bambanta ta fuska biyu tsakanin ƙasashe.

Na farko shi ne ƙarfinta. Amurka na amfani da volt 120, Japan 100, yayin da Turai da Najeriya ke kan kimanin 230. Duk wanda ya jona na'urar Amurka kai tsaye a Kano, to nan take za ta iya ƙonewa.

Wannan matsalar tana da sauƙin magani: taransifoma mai rage ƙarfin wuta. A wasu na'urorin faɗaɗa hoto ma, sauya ƙwan fitilar da filogi ya wadatar.

Inda gizo ke saƙa

Na biyu shi ne yawan bugun wutar a cikin daƙiƙa guda. A Amurka da Saudiyya sau 60 take bugawa, a Turai da Najeriya da Nijar kuwa sau 50.

Japan ita ce ta haɗa duka biyun: 50 a Tokyo, 60 a Osaka, tun da biranen suka sayi injinan wuta daga Jamus da Amurka a shekarun 1890.

Taransifoma ba ya sauya wannan bugun, alhali kuwa da shi tsofaffin agogunan ɗakin wankin hoto ke ƙidayar lokaci.

Agogon da aka ƙera domin bugu 60, idan ya samu 50, sai ya riƙa nawa: abin da ya nuna daƙiƙa 60 a zahiri 72 ne. Takardar hoto za ta sha haske fiye da kima ta yi duhu, fim kuma ya daɗe a cikin sinadari. Fim ɗin da ya lalace kuwa ba shi da madadi.

Mafita

Kafin sayen kowace na'ura, a duba rubutun da ke bayanta. Idan an ga 50/60Hz, za ta yi aiki da kowane irin bugu.

In ba haka ba, a gwada agogon da na wayar salula, a gyara lissafi, ko a nemi na zamani wanda bai dogara da bugun wuta ba.

Masu aiki da janareta kuma na bukatar sitabilaiza, domin hawa da saukar wuta na sauya hasken fitila, har ma da launin hoto.