Mota Cikin Rairayi: Hanyar Agadas Zuwa Bilma

'Yan'uwa manoma, kantun gishirin da muke saya wa shanunmu ya sha tafiya kafin ya iso kasuwa. Daga Bilma yake fitowa, can gabashin Nijar. Tsakanin Bilma da Agadas akwai tafiyar da ta wuce kilomita 500 cikin hamadar Tenere. Babu kwalta, babu makaniki, sai rairayi iyakar ganin ido, sai kuma garin Fashi inda ake samun ruwa da dabino.

Dā akwai wata itaciya tilo da ayarin raƙuma ke gane hanya da ita. A 1973 wani direban babbar mota ya buge ta, ta faɗi. Duk faɗin filin nan! An kai ta gidan kayan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Mun ga ya kamata mu koyi dabarun direbobin wannan hanya, gama motocin ƙungiyoyinmu ma suna kafewa cikin yashi sa'ad da suke kai taki ƙauye. Da sassafe suke tashi, domin rairayi mai sanyi ya fi ɗaukar mota. Suna rage iskar taya don ta baje, in an fita kan ƙasa mai tauri a mayar da famfo. In mota ta kafe ba sa taka totur, gama taya za ta haƙa wa kanta rami ne kawai har cikin motar ya zauna ƙasa. Sai a sauka, a kwashe yashi da shebur, a shimfiɗa farantan ƙarfe gaban taya, a fita a hankali da ƙaramar giya. Mu da ba mu da farantan, katako ko tsohuwar tabarma ta isa.

Ruwa kuwa, mai hankali yakan ɗauki na kwanakin da bai yi shiri ba, ya raba shi jarka-jarka don kada huda ɗaya ta cinye duka. A watan Oktoba 2013 motoci biyu suka lalace arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya. Mutanen ciki suka watse neman rijiya da ƙafa. An tsinci gawa 92, yawancinsu mata da yara, galibi daga ƙasar Kance ta jihar Damagaram.