Zinaren da Bai Riski Mai Shi Ba

Gaisuwa ga mutanen Dutsin-Ma da Kurfi, musamman malaman wasanni, waɗanda kowace shekara suke zana fili da toka saboda gasar gidaje ta makaranta. Yau tarihin Sunday Bada za mu ɗauko, gwanin tseren mita 400 da aka haifa a Kaduna a 1969.

Mita 400 zagaye ɗaya ne na filin wasa, amma masu gudu sun fi jin tsoronsa a kan kowane gajeren tsere. Mai mita 100 kafin ya gaji an gama. Mai dogon zango yana da damar lallaɓa ƙarfinsa. Shi kuwa mai 400 dole ya fita da wuta tun daga farko, ga shi jikin ɗan Adam bai iya riƙe irin wannan gudu har ƙarshe. Da an karyo kwana ta ƙarshe sai ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. A mita 100 na ƙarshe kowa raguwa yake yi, wanda ya fi jure raguwar shi ke cinyewa.

A wannan wahala Bada ya yi suna. A 1993, a gasar duniya ta Stuttgart a Jamus, ya yi daƙiƙa 44.63 a zagayen kusa da ƙarshe, kuma bai ƙara yin gudun da ya fi wannan ba. A gasar duniya ta cikin ɗaki, inda fili mita 200 ne ana zagaya shi sau biyu, ya zo na biyu a Toronto a 1993, ya sake zuwa na biyu a Barcelona a 1995. Wani da ya haƙura. Sai a 1997 a Paris ya ɗauki zinare da daƙiƙa 45.51. Duk wannan yana ɗan sanda, kuma aikin ne ya ba shi albashi da lokacin atisaye. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu sai Sydney, wasannin Olamfik na 2000, tseren miƙa sanda na mutum huɗu, kowa mita 400. Clement Chukwu ya fara, ya miƙa wa Jude Monye, shi ya ba Bada, Bada ya danƙa wa Enefiok Udo-Obong, yaro ɗan shekara 18. Yaron nan ya wuce ɗan Bahamas, ya cim ma ɗan Jamaika a bakin layi. Najeriya ta yi minti 2 da daƙiƙa 58.68, Jamaika minti 2 da daƙiƙa 58.78. Ƙiftawar ido ta fi wannan rata tsawo. Amurka, da Michael Johnson a ƙarshe, ta yi musu nisa, aka rataya wa 'yan Najeriya azurfa.

Bayan shekara 8, a 2008, ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya amsa a gaban kotu cewa yana amfani da magungunan ƙara kuzari a wancan lokaci. Kwamitin Olamfik na duniya ya ƙwace zinaren a shekarar. To, a nan ne abin ke ci mini rai. Mai laifi ya amsa da bakinsa, na biyu a tsere kowa ya san shi, amma sai da aka ƙara shekara 4 ana jan ƙafa. Ranar 12 ga Disamba, 2011, Bada ya yanke jiki ya faɗi a babban filin wasa na Legas, ya rasu yana da shekara 42, lokacin yana daraktan fasaha na hukumar guje-guje ta ƙasa. A watan Yuli na 2012 aka tabbatar wa Najeriya zinaren. Wata 7 kacal. A ganina wannan jinkiri zalunci ne, ko da ba a yi shi da gangan ba.

Kada wani ya ce gudu ba namu ba ne, mu 'yan Arewa. Tun a 1968 Musa Dogon Yaro da Mamman Makama suka wakilci Najeriya a mita 400 a Olamfik na Meziko. A 2004 a Athens, Musa Audu na cikin huɗun da suka kawo tagulla. Ƙafa muna da ita. Abin da muke rasawa shi ne wanda zai riƙe yaro bayan sakandare. Yarinya ko yaro zai cinye gasar gidaje a Kurfi, a ba shi bokiti da littafin rubutu, a tafa, shi ke nan. Ba a rubuta daƙiƙoƙin da ya yi ba, balle wani koci a Katsina ko Kaduna ya ji labarinsa. Bada ya samu inuwar aikin ɗan sanda. Namu wa zai zama musu inuwa?

Dutsin-Ma na da Jami'ar Tarayya tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga filin wasa na Muhammadu Dikko a Katsina ba nisa. Roƙonmu ga shugabannin makarantu da na ƙananan hukumomin biyu: a auna fili da kyau, a sayi agogon tsere, a rubuta lokacin kowane yaro, a tura sunayen zakaru ga hukumar wasanni ta jiha. Iyaye kuma, idan malami ya zo neman izinin tafiya gasa da ɗanku, a saurare shi.