3GP: Bidiyon Da Ya Yi Yawo Hannu Da Hannu

Duk wanda ya riƙe waya mai kyamara tsakanin 2004 da 2012 ya san 3GP, ko da bai taɓa tambayar asalinsa ba. Shi ne haruffan nan da ke maƙale a ƙarshen sunan bidiyo, mai hoto dishi-dishi da murya kamar daga cikin rijiya. Yau ana raina shi, amma kowane aibinsa da dalilinsa, kuma dalilin ɗaya ne: tattali.

Wata ƙungiya ce mai suna 3GPP ta tsara shi. An kafa ta a Disambar 1998, lokacin da hukumomin ƙa'idojin sadarwa na Turai da Japan da Koriya ta Kudu da Amurka suka haɗa kai don shirya wa layin 3G, kuma ofishinta yana Sophia Antipolis a kudancin Faransa. Yana da ɗan'uwa, 3G2, wanda aka yi wa wayoyin CDMA, irin layukan da Starcomms da Visafone suka taɓa sayarwa a Najeriya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, 3GP mazubi ne kawai. Hoto daban ake matse shi, murya daban, sannan a zuba su ciki. Kuma gininsa ɗaya da na MP4, domin dukansu sun samo tushe daga QuickTime na kamfanin Apple. Shi ya sa sau da yawa idan ka goge 3gp daga sunan fayil ka rubuta mp4, sai ka ga ya buɗe lafiya lau. Ashe tun kafin iPhone ta fito a 2007, akwai hannun Apple a cikin kowace Nokia mai ɗaukar bidiyo.

Girman hoton da aka fi sani shi ne ɗigo 176 a kwance, 144 a tsaye, jimla 25,344. Fuskar Full HD ta yau tana da ɗigo 2,073,600, ninkinsa sama da sau 80. Akwai ma ƙaninsa mai 128 da 96. Waɗannan lambobi ba da ka aka zaɓe su ba. Mai 176 da 144 ɗin kashi ɗaya ne cikin huɗu na wani ma'auni mai 352 da 288, wanda aka ƙirƙiro a shekarun 1980 don sasanta talabijin ɗin Turai da na Amurka a wajen taron bidiyo: aka ɗauko yawan layuka daga na Turai, saurin sauya hoto daga na Amurka. Ita ma dabarar matse hoton, H.263, an yi ta ne a tsakiyar shekarun 1990 don mutum biyu su ga juna ta wayar tarho. An tsara ta don kai da kafaɗar mai magana wanda ke zaune wuri ɗaya. Sai muka ɗauke ta muka nufi filin ƙwallo da hawan sallah da ita. Da doki ya zabura, hoton sai ya farfashe ya koma 'yan murabba'ai, tun da ba a shirya ta don sukuwa ba. Ga shi kuma yawancin wayoyin ba su wuce hoto 15 a sakan ɗaya, alhali fim ɗin silima 24 yake tafiya.

Muryar ta fi ba ni mamaki. AMR ake kiran dabararta, kuma ita ce dai wadda ake kiran waya da ita. Tana aiki da kilobit 4.75 zuwa 12.2 a sakan, tana yanka sauti gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa kashi ɗaya cikin hamsin na sakan. Maimakon ta adana sautin yadda yake, sai ta kwaikwayi yadda maƙogwaro da baki ke fitar da magana, ta aika da bayanin kwaikwayon. Wannan ilimi daga Jami'ar Sherbrooke ta Kanada ya fito. To ka ba ta wa'azi ko hira, za ka ji kowace kalma tar. Ka ba ta kalangu da algaita, sai ta yi ƙoƙarin mayar da su muryar mutum, kiɗan ya dagule. Duk abin da ya haura kusan haz 3,400 kuwa yanke shi take yi.

Nokia 6600 ta 2003, mai ƙiba ɗin nan, bidiyon kusan sakan 10 take ɗauka ta tsaya. An yi haka ne da gangan, don ya shiga saƙon MMS, wanda a lokacin iyakarsa kilobait 100 ce a layuka da yawa, kafin a ɗaga zuwa 300.

Ga wani sirri da ya sa mutane da dama baƙin ciki. Yayin ɗauka, waya tana ta zuba hoto da murya a fayil, amma jadawalin da ke nuna inda kowane hoto yake sai an danna tsayawa take rubuta shi. Idan batir ya mutu ana tsakiyar ɗaukar ɗaurin aure, fayil ɗin yana nan da nauyinsa, amma ya ƙi buɗuwa. Hotunan ba su ɓata ba, jadawalin ne babu, kuma akwai manhajojin da ke iya sake gina shi idan aka ba su wani lafiyayyen bidiyo daga waya iri ɗaya.

Inda labarin ya fi daɗi shi ne nan gida. GSM ya shigo Najeriya a Agustan 2001, lasisin 3G kuwa sai 2007, kuma ya daɗe bai kai ƙauyuka ba. Wato tsarin da aka yi domin 3G ya ci kasuwarsa a nan ba tare da 3G ɗin ba. Bluetooth da memori su ne hanyarsa. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, da rumfunan caji na tashoshin mota, mai kwamfuta ɗaya yakan cika wa mutum memori da wa'azi da waƙoƙi da finafinan Hausa, a biya shi 'yan kuɗi kaɗan. Lissafin ma mai sauƙi ne: fim na minti 90 idan aka matse shi a kilobit 100 a sakan, bai kai megabait 70 ba, don haka memori mai giga ɗaya zai ɗauki fim goma sha huɗu. Masu shirya finafinai sun ji jiki da wannan, domin kwafi ɗaya kan zagaye unguwa ba a sayi faifai ba, kuma kukansu gaskiya ne. Amma ta wannan hanyar dai Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar, ya yi suna: waƙoƙin da ya naɗa a Sakkwato a 2008 sun ratsa Sahara daga waya zuwa waya, har ɗaya ta shiga faifan Music from Saharan Cellphones a 2011.

YouTube ma da 3GP ya fara shiga ƙananan wayoyi a 2007. Wayoyin Android na farko da shi suke ɗaukar bidiyo, kuma wasu manhajojin naɗar murya suna ajiye sauti zalla a cikinsa, ba hoto ko ɗaya.

Mai tsohon memori a ajiye ya kula da abu ɗaya. Juya 3GP zuwa HD ba ya dawo da ɗigon da ba a ɗauka ba tun farko, kuma kowace juyawa tana ƙara rage masa kyau. VLC yana buɗe shi yadda yake, don haka asalin fayil ɗin ake kwafewa zuwa wuri biyu, tun memorin bai daina karantuwa ba.