Yadda ɗan koyo zai gane tsohon babban gogen Turawa da kimarsa kafin ya saya

A cikin dangin gogen Turawa babu wanda ya kai dabul bes girma da kaurin murya. Tsawonsa ya kai kimanin santimita 180, a tsaye ake kaɗa shi ko a zaune a kan doguwar kujera, kuma galibi tsirkiyoyi huɗu gare shi. Da yake sabonsa na da tsada, yawancin masu koyo tsoho suke nema, ko dai wanda wata makaranta ta ajiye, ko na gado, ko na gwanjo da aka shigo da shi daga ƙasashen waje. A nan ne ake yawan tafka asara, domin mai saye yakan leƙa cikin gogen ya hango takarda mai ɗauke da babban suna, ya biya kuɗin sunan, daga baya ya tarar kuɗin gyara ya fi kuɗin saye. Abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne irin ƙirar gogen da lafiyar katakonsa. Suna da shekaru daga baya suke zuwa.

Ƙira iri uku

Nau'i na farko shi ne sassaƙaƙƙe, wanda aka fafe fuskarsa daga katako mai kauri. Akan yi fuskar da icen sufurus mai sauƙin nauyi, baya da gefuna kuma da icen mafal mai tauri. Shi ya fi zaƙin murya da tsada, shi ne kuma ya fi saurin tsagewa. Na biyu shi ne na falle-falle, wanda aka manna siraran katakai a kan juna aka matse su a cikin mazubi. Muryarsa ba ta kai ta sassaƙaƙƙe zurfi ba, amma yana jure wahala. Na uku ya haɗa biyun: fuska sassaƙaƙƙiya, baya na falle-falle.

Ana bambance su ta bakin tagogin nan biyu masu siffar harafin f da ke fuskar gogen. Idan aka haska tocila aka ga layuka kwance a kan juna kamar shafukan littafi, na falle-falle ne. Idan kuwa jijiyar katakon ta ratsa daga waje har ciki ba yankewa, sassaƙaƙƙe ne. Wannan binciken na minti ɗaya shi ke nuna rukunin farashin da gogen zai faɗa.

Abin da takardar ciki ke faɗa

Daga ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, garuruwan Markneukirchen da Mittenwald na Jamus, da Schönbach na yankin Bohemiya wanda yanzu ake kira Luby a Jamhuriyar Cek, sun ƙera goge masu ɗimbin yawa don kasuwannin duniya. Da yawa daga cikinsu an liƙa musu takarda mai sunan Antonio Stradivari, gwanin garin Cremona na Italiya da ya rasu a 1737. Ma'anar takardar ita ce an kwaikwayi fasalinsa, ba wai shi ya ƙera ba. Gogunan tsofaffin gwanayen Italiya na gaskiya ƙalilan ne, kuma an san tarihin hannayen da suka bi. Misali, na Gasparo da Salò, wanda shahararren makaɗi Domenico Dragonetti ya riƙe har rasuwarsa a 1846, yana ajiye a birnin Venis. Irin waɗannan ba a tsintar su a ɗakin ajiyar tarkace.

Duk da haka takardar tana da amfani wajen ƙiyasta shekaru. Dokar haraji ta McKinley da Amurka ta kafa a 1890 ta wajabta rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya a jikin abin da ake shigarwa. Saboda haka takardar da ke da sunan Stradivari tare da sunan wata ƙasa da Turancin Ingilishi ta tona asirin kanta. Idan an rubuta Cekoslobakiya, an yi gogen tsakanin 1918 da 1992, wato iya rayuwar ƙasar. Idan Jamus ta Yamma ce, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne kuma kafin haɗewar Jamus a 1990.

Jikin gogen ma yana ba da shaida. A ƙarni na 19 gogen mai tsirkiya uku ya yaɗu a Italiya da Ingila da Faransa, daga baya aka mayar da yawancinsu masu huɗu. Tsofaffin ramuka da aka toshe a kan gogen, inda ake ɗaure tsirkiyoyi, alama ce ta tsufa da ta fi takarda wuyar ƙirƙira.

Misalin kamfanin Kay

Tsohon gogen da ɗan koyo ya fi yiwuwar cin karo da shi a kasuwar Amurka shi ne na kamfanin Kay na birnin Chicago, wanda ya fara yin na falle-falle a 1937 ya ci gaba har 1969, lokacin da kamfanin Engelhardt ya karɓi kayan aikin. Tun farko na ɗalibai ne da ƙananan ƙungiyoyin kiɗa, amma makaɗan jaz da na bulugiras suna neman sa har yau saboda ƙarfin amonsa idan an fizgi tsirkiya da yatsa. Ana gane shekararsa ta lambar da ke cikinsa, kuma kunnuwan nannaɗen kansa manna su aka yi, shi ya sa sukan ɓalle. Rauninsa a wuya yake: siriri ne, kuma an sha samun sa a karye a gindi. Kay mai lafiyayyen wuya zai iya fin sassaƙaƙƙen gogen Jamus da ya tsattsage daraja, ko da na Jamus ɗin ya girme shi da shekara 50.

Inda asara take ɓuya

Tsirkiyoyin ƙarfe huɗu suna jan gogen da nauyin da ya haura kilo 100, dare da rana. Wurare huɗu ne ke ɗaukar wannan nauyi, kuma su ne abin dubawa.

Na farko gindin wuya, inda ya haɗu da jiki. Tsaga, ko ƙusa, ko busasshen gam da ya malalo, duk suna nuna tsohuwar karaya. Na biyu fuskar gogen a ƙarƙashin jaki, wato katakon da tsirkiyoyi ke hawa. A ciki, ta ɓangaren tsirkiya mafi kauri, akwai doguwar sanda da aka manna a tsaye don tallafa wa fuska. Idan fuskar ta lotsa a wannan ɓangare, sandar ta saki ko ta gaji, kuma gyaranta sai an ɓalle fuskar gaba ɗaya. Na uku ɗan ginshiƙin da ke tsaye tsakanin fuska da baya. Ba a manna shi, matsi ne kawai ke riƙe da shi. Tsagar da ta bi ta kansa, musamman a baya, tana zaftare kaso mai yawa na kimar gogen ko da an gyara. Na huɗu allon yatsu. Na kirki baƙin icen eboni ne. A masu araha akan shafa wa farin katako baƙin fenti, wanda ke goge wa a inda yatsu ke yawan bi.

Ba kowane aibi ne abin tsoro ba. Buɗewar haɗin gefe gyara ne mai sauƙi, domin da gangan ake amfani da gam ɗin fata don haɗin ya saki kafin katako ya tsage. Abin gudu shi ne gyaran da aka yi da gam ɗin zamani mai ƙarfi wanda ba ya narkewa, domin yana toshe hanyar gyara na gaba. Haka kuma kankare tsohon banish a shafa sabo yana rage daraja, ko da ya ƙara sheƙi.

Lissafin farashi

Hanyar da masu sana'ar ke bi ita ce a nemi farashin da aka sayar da irin gogen yana da lafiya, ba wanda mai talla ya yanka ba, sannan a cire kuɗin gyara. A lissafin har da sabon jaki, da daidaita allon yatsu, da sababbin tsirkiyoyi waɗanda saitin kirki kan ci ɗaruruwan daloli, da sandar gogawa da jakar ɗauka. Idan abin da ya rage bai kai kuɗin da mai kaya ke nema ba, araha ba ta ado.

Sai kuma dacewa da jikin mai koyo. Girman da ake kira uku bisa huɗu shi ne na yau da kullum har ga manya, kuma tsawon tsirkiyarsa daga wuya zuwa jaki yana tsakanin santimita 104 da 106. Tsofaffin da suka zarce haka sosai suna gajiyar da hannun hagu, suna kuma wuyar sayarwa. A ƙarshen allon yatsu, tazarar siririyar tsirkiya ba ta cika wuce milimita 6 ba, mai kaurin kuma milimita 9 ko 10. Tazarar da ta ninka haka takan nuna wuyan ya sunkuya.

Yanayin inda gogen zai zauna shi ma yana cikin lissafi. Katakon goge ya fi son laimar iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. A lokacin hunturu laimar Kano ko Sakkwato takan faɗi ƙasa da kashi 20, kuma sassaƙaƙƙen gogen da ya saba da iskar Turai ko ta Legas zai iya tsagewa a cikin makonni. Ga wanda ke irin wannan yanki, nesa da ƙwararren mai gyara, na falle-falle ya fi zama alheri.

Sayen tsohon goge ta hoto kaɗai cinikin biri a sama ne. Mai koyo ya tafi da malaminsa ya kaɗa kowace tsirkiya daga ƙasa har sama, a saurari kurman amo ko karkarwa. Idan kuɗin da ake magana mai yawa ne, a nemi rubutaccen ƙiyasi daga mai gyaran goge wanda ba shi da kaso a cinikin. Mai kayan da ya ƙi yarda a duba ya riga ya ba da amsa.