Dabarun kare kai: yadda za ka bambance na gaske da na bidiyo

Kwanan nan wayoyinmu sun cika da bidiyoyin koyar da kare kai: ga yadda za ka ƙwace wuƙa daga hannun ɓarawo, ga jijiyar da za ka danna ƙato ya zube. A wasu unguwannin Legas da Ibadan har ajin horo ake buɗewa, ana biya duk wata. Ba abin mamaki ba ne abin ya samu karɓuwa a wajenmu. Mu ne masu gadi, mu ne 'yan acaɓa, mu ne masu tashi daga kara da yamma da kuɗin ciniki a jiki, ga masu ƙwacen waya, ga motocin wan-cans. Sai dai shawarar kare kai ba kamar sauran shawarwari ba ce. In ta banza ce, ba za ka sani ba sai ranar da ka dogara da ita, ranar kuwa babu damar gyara.

Ni a harkar shanu na taso, kuma a kara babu mai sayen sa don dillali ya yabe shi. Sai an tashe shi ya taka, an buɗe baki an ga haƙora, an shafa gadon baya. Haka ya kamata a yi wa kowace dabara, kuma abin da za ka fara dubawa ɗaya ne: shin wanda ake gwada dabarar a kansa yana turjewa? Ka koma ka sake kallon bidiyon, amma wannan karon kar ka kalli malamin, ka kalli abokin wasansa. Za ka ga ya kawo naushi ɗaya a hankali, ya bar hannun a miƙe, ya tsaya ƙiƙam malam yana yi masa motsi biyar ko shida. Wane ɗan daba ne zai tsaya maka haka? Duk wanda ya taɓa taya kayar da sa ya san ɗaurin da ka koya a kan maraƙi mai lafiya daban, ranar da bijimi ya fusata kuma daban.

Wannan magana an riga an gwada ta a idon duniya. A watan Nuwamba na 1993 aka yi gasar UFC ta farko a Amurka, aka haɗa 'yan wasa daga fannoni daban-daban kusan babu ƙa'ida. Wanda ya ci shi ne Royce Gracie, ɗan Brazil, mutumin da nauyinsa bai wuce kilo 80 da 'yan kai ba, ya kayar da waɗanda suka fi shi jiki saboda kullum horonsa da masu ramawa yake yi. A 2017 kuma a ƙasar Sin, wani mai suna Xu Xiaodong ya kara da Wei Lei, malamin taici da ake yi wa kallon gwani, ba a kai rabin minti ba malam yana ƙasa. Ba wai taici ba shi da amfani ga lafiyar jiki ba ne. Abin dai shi ne ɗaliban malam ba su taɓa dukansa da gaske ba.

Shi ya sa na fi yarda da damben zamani, da kokawa, da judo, da dambenmu na gargajiya. Duk cikinsu akwai wanda yake so ya kayar da kai, kuma sakamako a fili yake. Dambe asalinsa wasan mahauta ne, har gobe in an yi kisa kowa ya gani, ba a musu. Ɗan dambe ya san zafin naushi, ya san tazara, ba ya rufe ido in hannu ya taso. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma kar mu ruɗi kanmu. A fage mutum ɗaya kake fuskanta, akwai alƙalin wasa, ƙasa ce mai laushi, kuma kun yarda ku biyu. A bakin titi kwalta ce da gefen kwalbati, wanda ya tare ka ya zaɓi lokacinsa, kuma da wuya ya zo shi kaɗai. Ita kanta kokawar ƙasa da ta yi wa Gracie rana, in ka kwanta kana shaƙe mutum ɗaya, abokinsa takalmi zai sa maka a ka.

Batun wuƙa kuwa, nan ne ƙarya ta fi yawa. Akwai gwaji mai sauƙi: ka sa tsohuwar farar riga, ka ba ƙaninka maka ko gawayi, ka ce ya yi ta zana maka da iyakar saurinsa na sakan goma, kai kuma ka gwada dabarar da ka gani. In an gama ka cire rigar ka ƙirga layukan. Kowane layi yanka ne. A 1983 wani ɗan sandan Amurka, Dennis Tueller, ya auna cewa mai wuƙa yana iya cin tazarar ƙafa 21 cikin kimanin sakan ɗaya da rabi. To, ina lokacin kama wuyan hannu da murɗewa? Malamin kirki zai gaya maka gaskiya: ka miƙa wayar, ka ja da baya, ka sa mota ko teburi tsakaninku, in ƙafa ta samu hanya ka bi ta.

A nan dole in taɓo maganin ƙarfe, ko da wasu za su ji haushina. Ma'aunin dai ɗaya ne. Mai tallan tauri a kasuwa da wuƙarsa yake gwadawa, da hannunsa, a inda ya zaɓa. Jaridun ƙasar nan kuwa sun sha kawo labarin waɗanda suka rasu wajen gwajin maganin bindiga, wani lokacin ma mai maganin ne da kansa. Addu'a da azkar muna yi, kuma ba su hana mutum ɗaure raƙuminsa.

Sai abin da masu bidiyo ba sa faɗa sam, wato doka. Galibin jihohin Kudu da kundin Criminal Code suke aiki, ba Penal Code na Arewa ba, Legas kuma tana da nata kundin na 2011. Sashe na 286 na Criminal Code ya ba wanda aka far wa ba tare da ya tsokana ba damar kare kansa, amma da ƙarfin da ya zama dole kawai. Ƙarfin da zai iya kisa ko mummunan rauni sai in kana da dalilin tsoron haka a kanka, kuma babu wata mafita. Mutum ya faɗi ko ya juya zai gudu ka bi shi da duka, ka fita daga kare kai. Don haka duk malamin da yake koyar da "gamawa da shi" bayan ya faɗi, hanyar kurkuku yake nuna maka. Haka mai ce maka ka riƙa yawo da wuƙa a ƙugu. Wuƙar aiki a mayanka daban, amma a shingen bincike da dare kai za ka yi ta bayani.

Mu a nan akwai ƙarin nauyi a kanmu da mai bidiyo a Amurka bai san da shi ba. Ku tuna kasuwar Shasha a Ibadan, Fabrairun 2021. Cacar baki ce tsakanin mutane ƙalilan, aka kai wa mutum ɗaya duka ya rasu, kafin kwana biyu an ƙone shaguna da gidaje, an rasa rayuka, iyalai da yawa sun kwashe kaya. Naushinka a Kudu ba naka ba ne kai kaɗai, ana lissafa shi a kan mai shayi da mai suya da ba su san an yi ba. Duk horon da bai koya maka yadda ake kashe wutar rigima da baki ba, da yadda ake haɗiye zagi a wuce, bai dace da zamanmu ba. Wallahi "yi haƙuri" da yaren masu gari ta fi wasu dabaru goma aiki.

In ka je duba wurin horo, kar ka biya a ranar farko. Zauna ka kalla. Ɗalibai suna karawa da juna da safar hannu da abin kare haƙori, ko layi kawai suke yi suna naushin iska? Tambayi malamin inda ya koya da gasar da ya taɓa shiga, wanda ya sani ba ya fushi da wannan tambaya. In ya ce dabararsa ta fi ƙarfin a gwada don tana kisa, ko ya yi alƙawarin za ka ƙware cikin sati biyu, tashi ka kama gabanka. Ka kula kuma da wanda yake barin ana jibgar sababbi a ka da sunan taurara su, don dukan kai yana taruwa ne a ƙwaƙwalwa ko ba a suma ba. Wurare irin su filin wasa na ƙasa da ke Surulere da na Liberty a Ibadan sun daɗe da masu horar da dambe, can ya fi dacewa ka fara tambaya.

Wanda ba shi da kuɗin aji kuma, akwai abin da zai fara gobe: gudun safe har numfashi ya saba, karɓar kuɗin ciniki ta taransifa maimakon ɗaure su a aljihu, tashi daga kara mutum biyu ko uku, da sanin cewa in an yanki mutum, danne wurin ake yi da tsumma mai tsabta da ƙarfi har a kai asibiti. Lambar gaggawa 112 ce, a Legas akwai 767, sai ka haɗa da lambar Sarkin Hausawan unguwarku ko shugaban ƙungiyarku.