Sabon Malami da Ajin da Kaka ta Kwashe

A watan Satumba ake buɗe sabuwar shekarar karatu a Jihar Kano, kuma a daidai lokacin ne ake girbin gero a gonakin Bichi, Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi da Tsanyawa. Ma'aikatar ilimi ce ke tsara jadawalin makaranta, na gona kuwa damina ke tsara shi. Sabon malamin da aka tura ƙauye a wannan yanki tsakanin jadawalan nan biyu yake faɗawa tun ranar farko, kuma da wuya a sami wanda ya gaya masa tun da wuri.

Ya karɓi takardar kama aiki daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB), ya biya ta ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ya hau acaɓa ya bi burtali har makarantar. Hedimasta ya miƙa masa alli da rajista. Sunaye sun cika shafi, amma da aka kira su bayan asambile, yaran da suka amsa ba su cika tabarma biyu ba. Nan take zuciyarsa za ta raya masa cewa mutanen garin ba sa son boko. Wannan fassarar ce ta fi ɓata tsakanin sababbin malamai da ƙauyuka, kuma yawanci ba haka zancen yake ba.

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin yankunan karkara mafiya cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Masanin nan ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya fara nazarinta tun shekarun 1960, ya nuna yadda manomi ke nome 'yar gonarsa kowace shekara ba hutu, da ƙarfin takin dabbobi da yawan hannu. Da yake gonaki sun haɗe da juna, babu makiyaya da damina. Tumaki da awaki a turke suke har a kawar da amfani, kuma wani ne zai yanko musu ciyawa kullum. Wannan wanin, yaron aji uku ne. Shi ne kuma zai taya ɗaukar dami, daga baya ya shiga tsinkar gyaɗa da roron wake, ƙanwarsa tana kai abinci gona ko tana talla. Uban da ya ce, "Malam, a yi haƙuri, da mun shigar da gero zai dawo," gaskiya yake faɗa. Ƙwadago da tsada, kuma ruwan ƙarshen damina ba ya jiran a tashi daga makaranta.

Sai kaka ta lafa, ajin ya cika ya batse. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma tun da gwamnatin jiha ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, azuzuwa da dama sun ninka wannan adadi. Malamin da ya yi makonni yana kukan rashin yara zai koma neman inda zai taka ya isa gaban allo, kuma rabin ajin ba su ji darasin da ya wuce ba.

Ga kuma harshe. Mai shaidar malanta ta NCE daga kwalejin tarayya ta Bichi ko ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso da Turanci ya yi karatunsa, da shi yake rubuta shirin darasi. A gabansa kuwa akwai ɗan aji huɗu da bai iya haɗa baƙi da wasali a boko ba, wataƙila har da 'yan ruga da Fulatanci ne a bakinsu. Mai gajen haƙuri sai ya ɗauki bulala. Ya manta cewa yaron nan da asuba ya tashi ya biya allonsa, kuma surorin da ke kansa shaida ce cewa ba daƙiƙi ba ne. Gara a ajiye manhaja mako biyu a gano wa ya iya me, ko da mai duba makarantu zai ɓata rai.

Albashin farko kan yi jinkiri, gidan malamai babu a yawancin makarantu. Wanda ke jeka-ka-dawo daga birni kuɗin mota ne zai cinye shi, makara ta zame masa jiki, mutanen gari kuma suna ƙirge. Kafin zangon farko ya ƙare ya fara bin ofis yana neman canjin wuri. Bayan dokar ta-ɓaci a kan ilimi da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana a 2024, an ɗauki dubban malamai aiki, ciki har da malaman sa-kai na shirin ilimi na BESDA. A ganina wanda aka bari a ƙaramar hukumarsa ya fi zama da gindinsa.

Hedimasta mai hangen nesa ba ya barin baƙonsa ya kwana biyu bai kai shi gaisuwa wurin dagaci da mai unguwa da liman ba, sannan ya haɗa shi da 'yan kwamitin gudanar da makaranta (SBMC). Su ne suka san gidan da yaransa ke gona da gidan da aka tura nasa almajiranci, kuma in liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a cewa an kammala girbi a maido da yara, ranar Litinin za a ga bambanci a rajista.