Renon Irin Wiwi a Ɗaki: Abin da Masu Bidiyo Ba Sa Faɗa

Duk mai yawan leƙa YouTube ko TikTok zai iya cin karo da irin wannan bidiyo: wani Bature a Kanada ko Amurka ya jera ƙananan tukwane a bakin taga, ko ƙarƙashin fitila mai haske, yana nuna tsiron tabar wiwi da ya reno a ɗaki, yana jiran sanyi ya wuce ya dasa shi a lambun bayan gida. Yana magana cikin natsuwa, babu alamar fargaba, babu waige-waige. Matashin da ke kallo a Kano ko Maraɗi sai ya ɗauka duniya ta riga ta halatta abin, mu ne kawai aka bari a baya.

Mutumin nan yana da dalilai biyu, kuma babu ɗaya da ya shafe mu. Na farko yanayi ne. A ƙasashensu ƙanƙara kan rufe ƙasa watanni, lokacin zafinsu gajere ne, don haka hatta tumatir da barkono sai an fara renonsu a ɗaki kafin a fitar da su waje. Na biyu doka ce. Kanada ta halatta wiwi a ranar 17 ga Oktoba, 2018, ta kuma yarda kowane gida ya shuka tushe huɗu, ba kowane mutum ba, kowane gida. Ko a nan ɗin ma lardin Kebek ya ce bai yarda a shuka a gida ba. Yurugwai ta riga kowa, tun 2013, da tushe shida. Jamus ta bi sahu a watan Afrilun 2024 da tushe uku ga baligi. A Amurka kuwa jihohi ne irin su Kolorado suka halatta, amma dokar tarayya ba ta halatta ba. Wato ko a inda aka ba da dama, an ƙidaya tushen, an ƙayyade shekaru, an hana sayarwa ba lasisi, an hana tsallaka iyaka da ita.

A Nijeriya babu tushe huɗu, babu tushe ɗaya. Dokar tabar wiwi ta 1966 ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga wanda ya shuka ta da saninsa. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA, kuma dokarta ta sa shukawa da renon kayan maye a sahu ɗaya da shigo da su da sarrafa su, laifin da hukuncinsa ke kaiwa ɗaurin rai da rai. Dokar ba ta ware wanda ya shuka a tukunya daga wanda ya share daji a Ondo ko Edo ba. Alƙali ne kaɗai zai duba girman abin idan ya zo yanke hukunci. Faɗin "ai don kaina na shuka, ba sayarwa nake ba" ba ya fitar da mutum. An sha kai ƙudurin halatta noman wiwi don magani gaban Majalisar Tarayya, amma bai zama doka ba.

'Yan'uwanmu na zango a Gana su ma su lura. Gyaran dokar da aka yi can a 2023 ya shafi nau'in da sinadarinsa mai bugarwa, wanda ake kira THC, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, don masana'antu da magani, kuma sai da lasisin gwamnati. Ba izinin shuka ta sha a bayan ɗaki ba ne.

Inda abin ya fi damuna shi ne mai gida. Dokar NDLEA ta kama har wanda ya bari aka yi amfani da gidansa ko shagonsa wajen ajiye ko sarrafa kayan maye, kuma kotu na iya ba da umarnin kwace kadarar da aka yi laifin da ita. Dattijon da ya ba ɗansa ɗakin zaure, ko gwauruwar da ta ba da hayar ɗaki biyu tana cin abinci da kuɗin, su ne za su fara amsa tambaya ranar da jami'ai suka shigo. Kafin a tabbatar ba su sani ba, an sha wahala, an kashe kuɗin lauya, suna kuma ya ɓaci a unguwa.

To ta yaya mai gida zai gane wiwi? A nan rama ke rikita mutane, domin ganyenta da na wiwi suna kama, har yaro zai iya cewa "Baba, rama ce" a wuce wurin. Ganyen wiwi yana rabuwa kamar yatsun hannu, yawanci biyar, bakwai ko tara, kowane yatsa siriri ne mai tsini, gefensa da haƙora irin na zarto, kuma duk sun rabu har gindi inda suka haɗu da kara. Idan aka murza shi yana da wari mai ƙarfi da ke manne wa hannu. Rama kuwa ganyenta tsami gare shi, tana kuma fitar da babban fure mai ruwan ɗorawa da ja a tsakiya, abin da wiwi ba ta yi. Sai kuma alamun da ba na ganye ba: ɗakin da aka toshe tagoginsa kullum, fitilar da ba ta mutuwa dare da rana ko da an ɗauke wuta, turaren wuta da ake ta bankawa ba dalili, da ɗan ƙunshin iri da ya iso ta kamfanin aika saƙo.

Wannan ƙunshin ma tarko ne. Masu sayar da iri a intanet sukan rubuta cewa kayan ajiya ne na sha'awa, ba na shuka ba, don su kare kansu a dokar ƙasarsu. Rubutun ba ya kare wanda sunansa da lambar wayarsa ke jikin saƙon idan aka buɗe shi a Legas. Wasu kuma kuɗin kawai za a karɓe, ba iri ba labari, kuma ba wanda zai je ofishin 'yan sanda ya ce an damfare shi a cinikin wiwi.

Akwai masu cewa ai ganye ne, Allah ne ya halicce shi, ya fi ƙwaya da sholisho. Zaƙami ma ganye ne, kowa kuwa ya san abin da yake yi wa mutum. Irin da ake tallatawa yanzu an daɗe ana aurar da shi don a ƙara masa ƙarfin bugarwa, ya yi nisa da wiwin da aka sani shekaru arba'in da suka wuce. Wani bincike da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2019 ya gano cewa masu shan mai ƙarfin nan kullum sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba haɗarin kamuwa da taɓin hankali kusan ninki biyar. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya fara tun yana ɗanyen saurayi, da wanda ke da tarihin ciwon a danginsu. Ba kowane mashayi ne ke haukacewa ba, gaskiya ne, amma ba wanda ya san ko shi ne kafin ya fara. Ga kuma yawanmu: binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi ya yi da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da kayan maye, miliyan 10.6 daga ciki wiwi suke sha.

Ɗalibanmu da ke karatu a waje su ma kada halaccin wurin ya ruɗe su. A Amurka harkar biza da takardar zama a hannun gwamnatin tarayya take, don haka baƙon da ya shuka ko ya amsa cewa yana sha na iya rasa takardunsa ko da jihar da yake ta halatta. A Kanada mai gidan haya na iya hana shuka a yarjejeniyar haya. Wanda kuwa ya sako 'yan ƙwayoyin iri a aljihun jaka zai dawo gida, ko zai bi ta Jidda ko Dubai, ya ɗauko wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa.

Idan uba ya tarar da tukunyar a gidansa, duka da kora ba sa magani, sau da yawa ma su ke miƙa yaro hannun dillalai. A tumɓuke shukar a lalata ta, a zaunar da yaron a ji tun yaushe ya fara, da wa yake, kuma me yake haɗawa da ita. Idan barcinsa ya lalace, ko yana zargin ana binsa, ko yana magana shi kaɗai, asibiti za a nufa ba gidan mari ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, ga na Dawanau a Kano, kuma ofisoshin NDLEA na jihohi suna da sashen ba da shawara da gyaran hali inda iyaye kan kai 'ya'yansu da kansu. Mai ba da haya kuma ya sa sharaɗin duba ɗaki lokaci-lokaci a takardar haya, a gaban shaidu da mai unguwa.